Baƙin Kunne Sadaka Ne

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Mijin yayata ya riga mu. Ya cika da hantsi, cikin zafin bazarar da ta wuce, muka kai shi makwancinsa bayan sallar azahar.

Mutane iri biyu suka cika ƙofar gidansa a kwanakin zaman makoki, kuma ba su haɗa tabarma ba. Mutanen gari suna gefen inuwa, da shaddodinsu da sababbin motocinsu da suka toshe lungu. Sukan shafa fatiha, su yi shiru kaɗan don kunya, sai hira ta koma kan siminti da kwangila. Da kunnena na ji wani Alhaji yana gaya wa na kusa da shi, "Allah ya jiƙan shi, mutumin kirki ne, amma ya cika taurin kai. Da ya ji shawara, da gidajen haya ya bar ma iyali, ba kashin shanu ba." Na juya na kalle shi har sai da ya kau da kai. Ba don wurin makoki ba ne, da ya ji abin da bai zo ji ba.

Mutanen ƙauye kuwa suna jikin bango, inda rana take. Daga wajen Batagarawa suka zo, wasu a keke, wasu a ƙasa. Ba su da yawan magana. Kowanne ya gama "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah shi gahwarta mashi," sai ya sassauta murya ya ce, "To, shanun hwa?" Malamin dabbobi ma ya zo, Kirista ne mutumin Filato, amininsa na shekaru. Ya bi mu har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu, yana kuka a fili ba ya ko share fuska. A cikin gida, da na shiga yi wa Yaya gaisuwa, abin da ta fara tambayata shi ne ko an ba shanu ruwa.

Ni tela ne, ƙanen matarsa. Saboda haka akwai wasa tsakaninmu, kuma mun yi shi har muka tsufa. Ina kiransa Sarkin Kashin Shanu, shi kuma yana ce mini Ɗan Allura. Ban taɓa ɗinka masa rigar da ta yi sati da mutuncinta ba. In kawo masa farar riga ranar jajibere, washegari bayan an sauko idi in tarar da shi a garke da ita, ya naɗe hannu yana laluben bakin maraƙi. In na yi faɗa sai ya ce, "Kai Ɗan Allura, riga ai don jiki aka yi ta. In ta ƙare ka ɗinka wata, mi kake yi in ba shi ba?"

Na ɗauki alƙalami ne don na ga garin nan ya fara mantawa da shi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Kuma ina so a san abin da ya tsorata shi a ƙarshen rayuwarsa. Bai ji tsoron mutuwa ba, ni shaida ne. Abin da ya hana shi sukuni shi ne kada irin shanun da ya yi rayuwarsa yana gyarawa ya bi shi kabari.

Gonarsa tana bayan GRA, a hanyar Batagarawa, tun lokacin da wurin yake daji sosai. Shi ne na farko da na sani a unguwarmu da ya sa garmar shanu, mutane suna cewa zai kashe ƙasa. Shi ne ya riƙa kai shanunsa allura da kansa lokacin da wasu ke gudu daji da nasu in sun ji masu allura sun zo. A nan suka saba da malamin dabbobi. Amma duk wannan ba shi ne aikinsa ba. Aikinsa shi ne iri.

Ya fara da fararen shanun Fulani masu nono, ya je can wajen Sakkwato ya kawo bijimin Bokolo mai jiki da sanyin hali, ya haɗa su. Abin da yake nema, kamar yadda ya sha gaya mini ko ban tambaya ba, saniya ce da ba ta ƙafe da rani, da sa mai jan garma ba gardama, wanda ko mace za ta iya riƙe igiyarsa. Duk maraƙin da aka haifa sai ya zauna ya zuba masa ido. Ya duba kofato, ya duba faɗin ƙirji, ya tuna hantsar uwarsa da ta kakarsa. Wanda bai yi masa ba, ko da kyansa ya kai ina, sai a dandaƙe shi a sa shi garma. A kowane zamani bijimi ɗaya tak yake bari a garke, da wani ƙarami da zai gaje shi. Farare ne tas masu baƙin kunne, kuma sunansu ɗaya: Baƙin Kunne. In tsohon ya gaza, ƙaramin ya ɗauki sunan.

Na taɓa ce masa wannan ai mugunta ce, dubi kyan wancan maraƙin da aka dandaƙe. Ya ce, "Uwarshi tana harbi in ana tatsa. Kana so in raba ma mutane harbi?" Haka yake. Ba ya yi wa dabba uzuri, ba ya yi wa mutum.

Wata damina ya sa aka haƙa masa rami mai zurfi a gona. Ya sa aka yanko ɗanyen karan masara da ciyawa aka zuba, ma'aikata suka tattake, aka rufe da ƙasa. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ya taɓu, wasu suka ce asiri ne. Ni kaina na je na tsaya bakin ramin na ce, "Sarki, an yi ma ciyawar salla kuwa kahin a rufe ta?" Bai yi dariya ba. Ya ce in dawo da bazara. Da na dawo aka buɗe gefe ɗaya, wani tsami ya bugi hancina har na ja da baya, amma shanun suka yi ta tsinke igiya don su kai gare shi. Nasa suna sheƙi, na maƙwabta ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Sai shekarun farin nan suka zo. Wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Mutanen arewa suka gangaro da abin da ya rage musu, mushe a kowane gefen hanya, ungulu sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta zo. Mahauta suna sayen saniya ba a bakin komai ba, mai ita yana kallo yana hawaye. A lokacin ramukansa sun yi yawa, kuma da ya ga dama da ya yi arziki da su. Sai ya buɗe su. Amma ko a nan sai da ya nuna halinsa: ba kowace dabba ya ciyar ba. Yakan shiga cikin garken baƙi ya nuna da sanda, "Wagga, da wagga, da waccan." Karsana da matasan shanu masu haihuwa yake zaɓa. Wani tsoho ya durƙusa yana roƙonsa saboda wata tsohuwar saniya da ya ce da nononta ya yaye 'ya'yansa. Mijin Yaya ya ce, "Baba, ba ta kai damina ko na ba ta. Ka yanka ta yau tun tana da nama." Tsohon ya zage shi tas. Ya tsaya ya shanye zagin, sannan ya sa aka ba karsanar tsohon abinci. Ranar na ga ya kasa cin tuwo.

Yanzu zan zo kan kalmar da ta zama sanadin wannan rubutu. Tun da irinsa ya kafu, mutanen ƙauyuka suka fara jawo shanunsu zuwa gonarsa in saniya ta nemi namiji, don Baƙin Kunne ya yi mata barbara. Bai taɓa karɓar komai a kan haka ba. Ko ƙwaryar nono aka kawo don godiya, sai ya ce a mayar wa yara. Sharaɗinsa ɗaya ne, saniyar ta kasance lafiyayya. Ya taɓa korar ta wani babban mutum daga bakin shinge saboda tana tari, suka daina gaisawa har mutuwa ta raba. Amma matar da mijinta ya mutu ya bar mata saniya ɗaya, in ba ta da mai jawo mata, shi da kansa yakan aika a ɗauko.

In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Wani shina gina masallaci, wani shina haƙa rijiya. Ni ba ni da wannan. Baƙin Kunne shi ne sadakata." Ya faɗe ta har ta zama sunan abin. A ƙauyukan nan in mutum ya ce zai kai saniyarsa sadaka, kowa ya san gonar da zai nufa. Mu ma a gida haka muka saba ji, har muka daina jin cewa kalmar tana da wata ma'ana.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Mutumin nan ya fi iya magana da shanu a kan 'ya'yansa. Ya sa su makaranta duka, har matan, tun ana zagin mai yin haka. Amma bai taɓa zama ya gaya musu abin da yake yi a gona da dalilinsa ba. Umarni kawai: ɗebo ruwa, kwashe kashi, kawo harawa. Babban ɗansa ya tashi yana ganin garke wurin wahala ne da tsawa. Yana gama makaranta ya tafi Kaduna, daga can Legas, ya shiga kwangila a daidai lokacin da kuɗin mai suka fara zuba. Yaron kirki ne, ba ya rowa, kuma yana son ubansa irin son da ba ya samun inda zai ajiye shi.

Wata salla ya zo da mota cike da tsaraba. Har da shinkafar waje, da wani nama daskararre cikin kwali, irin wanda ake kawowa daga ƙasashen ƙetare. Ya sa aka dafa, aka kawo zaure muna zaune. Uban ya ɗaga yanka ɗaya ya jujjuya shi.

"Wanga naman, wa ya san uwarshi?"

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Ɗan bai yi ba. Ya ce, "Baba, duniya ta canza. Nama shina zuwa a jirgi, madara tana zuwa a gwangwani. Ka saida gonar nan tun tana da daraja, ka huta. Ni zan riƙe gidan."

"Ranar da jirgin bai zo ba hwa?"

"Shekara nawa kana bautar shanun nan, mi suka gina maka?"

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi. Amma da ya kai bakin ƙofa sai ya juyo, idonsa ya yi ja, ya ce, "Ban taɓa jin ka tambayi lahiyata yadda kake tambayar ta maraƙi ba." Ya fita. Uban ya bi ƙofar da kallo. Na so in ce yaron ya yi rashin kunya, amma gaskiya ya faɗa, kuma mu biyun da muka rage a zauren mun san haka. Daga ranar ɗan yakan aiko da saƙo da kaya, amma bai ƙara taka gonar ba.

Abin da fari bai iya yi wa garken ba, arziki ya yi masa. Ma'aikatansa suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tafi leburanci wurin gini, inda ake biya a hannu ba a jiran kaka. Maƙwabtan gona suka sayar da nasu, masu gini suka zo da bulo. Wata safiya aka wayi gari an ja katanga ta tsakiyar burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa tun zamanin kakanni. Ya je ya yi magana, aka nuna masa takarda, aka ce masa burtali ba ya cikinta. Tsohon Bafulatanin da ya yi masa kiwo tun suna samari ya haɗa nasa ya nasa ya yi kudu, ya ce ba zai iya kiwo tsakanin bangaye ba. Sun rabu ba tare da sun kalli juna ba.

Dole ya rage garken. Ya riƙa zaɓar wanda zai ba kowace saniya kamar mai aurar da 'ya, amma duk da haka da yawa a hannun mahauta suka ƙare. Ya rage da 'yan shanu kaɗan, da Baƙin Kunne wanda ya fara manyanta, da ƙaramin da zai gaje shi. A kan ƙaramin nan ya ɗora duk begensa. Ya ce mini bai taɓa samun kamarsa ba.

Sai ƙaramin ya daina cin abinci. Ya tsaya ya gantsare baya, yana nishi in ya motsa. Malamin dabbobi ya yi iya yinsa, bai yi ba, aka yanka shi kafin ya zama mushe. Da aka buɗe cikinsa sai ga ƙusa doguwa, irin ta masu kafinta, ta huda tumbi ta kai zuciya. A cikin ciyawar bakin katanga ya haɗiye ta. Mijin Yaya ya karɓi ƙusar ya duba, ya jefar, ya ce a raba naman, ya juya ya tafi gida a ƙasa, ya bar kekensa a gona. Tun daga ranar ban ƙara kiransa Sarkin Kashin Shanu ba, wasan ya fita daga bakina.

Saura tsohon bijimin kaɗai. Duk sauran mazan jininsa an dandaƙe su da hannun mai su. Bazara ce, shanun da suka rage sun rame, babu wadda ta ɗauki ciki. Lissafinsa shi ne in ruwa ya sauka suka murmure, Baƙin Kunne yana da sauran ƙarfin damina ɗaya ko biyu, a cikin 'yan maruƙan da za a samu a fitar da magaji. Ya roƙi malamin dabbobi ya tsaya a kan wannan in shi ba ya nan, malamin ya yi masa alkawari. Ruwan kawai ake jira. Amma ciwon ƙirjin da ya daɗe yana ɓoyewa bai jira ba.

Ana gobe zai rasu, da la'asar, muna ɗakinsa ni da Yaya. Numfashi yana yi masa wuya. Ya yafito ni da hannu.

"Ɗan Allura."

"Na'am."

"Ku shaida. Baƙin Kunne sadaka ne. Kada a sa shi cikin gado."

Muka ce mun shaida. Babu abin da ya fi wannan fita sarari a wurinmu: kada a raba shi, kada a sayar, a bar shi a turkensa mutane su ci gaba da kawo shanunsu. Ya tambaya ko an aika wa babban ɗansa, aka ce an aika. Ya ce, "In ya zo ku ce mashi..." sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa muka jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba.

Ɗan bai samu jana'iza ba, hanya ta yi nisa. Da ya iso ya wuce maƙabarta kai tsaye, ya daɗe a can, ya dawo fuskarsa a kumbure. Ya shiga wurin uwarsa, tana zaune a kan tabarmar takaba, ina gefe. Ya durƙusa ya ce, "Inna, bai bar wata magana ba?" Na ga yadda yake kallon bakinta. Yana neman kalma ɗaya ce da za ta zama tasa. Yaya ta ce, "Ya ce Baƙin Kunne sadaka ne, kada a sa shi cikin gado." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Insha Allahu za a cika mashi. Ni zan tsaya a kai." Har na ji sanyi a raina, na ce ashe yaron ya dawo hanya.

Ranar sadakar bakwai na iso da hantsi, na tarar lungu ya cika maƙil. Manyan tukwane suna ta tafasa a bayan gida, ƙamshi har bakin titi. Ban taɓa ganin sadaka mai nama irin wannan a unguwarmu ba. Na ce a raina ɗan kwangila ya je kara ya sayo sa, yana so ya fitar da ubansa kunya, Allah ya yi masa albarka. Malamai suka yi addu'a, aka fara fito da abinci. Ɗan da kansa yake zagayawa, ya naɗe hannun shaddarsa, yana cewa a ƙara wa wancan, a kai wa na jikin bango. Na zauna kusa da malamin dabbobi aka ajiye mana kwano, muka sa hannu. Naman yana da ɗan tauri, na ce masa mahauta sun cuci yaron, tsohon sa suka sayar masa.

Muna cikin ci sai ga wani dattijo ya shigo lungu yana jan wata jar saniya, tana ta kuka tana fizgar igiya. Daga wani ƙauye can bayan Batagarawa yake, kuma bai ji rasuwar ba sai da ya je gona ya tarar ba kowa, wani mai gadin gini ya kwatanta masa gidan. Ya ɗaure ta a jikin dalbejiya, ya zo ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, hawaye suna bin gemunsa. Aka ba shi wuri kusa da mu, aka ajiye masa kwano. Ya sha hanya, ya ci sosai. Da ya sha ruwa sai ya dubi ɗan marigayin, wanda aka nuna masa.

"Ɗana, ka yi haƙuri da ni, na san ba ranar magana ba ce. Amma dabba ba ta san makoki ba. Na kawo ta sadaka ne, tun jiya take nema, in ta wuce yau sai wani watan. Na je gona ban ga Baƙin Kunne a turke ba. Ina aka maishe shi?"

Ɗan ya ɗan yi murmushi, irin na wanda ya sauke nauyi. Ya ce, "Ai shi ne wanga da kuke ci, Baba. Wasiyyarshi ce. Ya ce a yi sadaka da shi, kada a sa shi a gado. Tun da asuba na kai mahauta."

Hannuna yana cikin kwano. Na kasa fitar da shi, na kasa kai shi baki. Malamin dabbobi ya miƙe tsaye, ya ce "Yesu," ya koma ya zauna. A jikin bango mutanen ƙauye suka riƙa ture kwanoninsu a hankali. Can gefen inuwa ba su san abin da ake ciki ba, suna ta ci suna hira.

Dattijon ya dubi kwanonsa da ya kusa ƙarewa. Ya ce, "Shi ne wanga?" Ya juya ya dubi saniyarsa. Ya ce, "Uwar jar saniyar can, da kakarta, duk nan na kawo su. Bai taɓa amsar ko goro ba. In na yi godiya sai ya ce in bari, sadaka ce."

Na ga lokacin da maganar ta shiga ɗan. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba, amma idonsa ya riga ya gane. Ya dubi dattijon, ya dubi saniyar, ya dubi tukwanen. Ya ce da sauri, "Baba, zan sayo wani. Ko wane iri ne, ko daga ina ne, zan sa a kawo." Dattijon ya wanke hannu, ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana, ka yi don ubanka. Amma a ina za ka sayo shi? Ubanka shi ya yi shi." Ya kwance saniyarsa ya ja ta, tana tirjewa tana kuka har suka fita lungu.

Bayan arba'in aka raba sauran shanun cikin gado, aka kai su kara. Gonar ma an fara sauke bulo a cikinta. Ban ga laifin kowa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don na so a ce akwai wanda zan zaga. Allah ya jiƙan mijin yayata, ya yafe masa zafin zuciyarsa, ya karɓi sadakarsa ta farko da ta ƙarshe, ya sa abin da ya ciyar ya tsaya masa. Ku da kuka sha nonon jinin shanunsa ba ku sani ba, ku sa shi a addu'a.

Ku sa ɗansa ma. A ranar, bayan dattijon ya tafi, ya zo ya zauna a ƙasa gabana da shaddarsa, kamar yadda yake yi yana ƙarami in ubansa ya kore shi daga garke. Ya riƙe gefen rigata.

"Kawu, don mi ba wanda ya hwaɗa mani?"

"Mun hwaɗa maka. Abin da ya ce muka hwaɗa maka."

"To in mutum zai mutu ya ce abu sadaka ne, ba yankawa ake yi ba?"

Ban iya ce masa a'a ba. A garin nan, a gidan mutuwa, abin da ake yi ke nan.